Minti Ashirin Da Bakwai

Akwai wani mutum a garin Dornwerder da ke bakin kogin Elbe, sunansa Volkmar Lindeke. In ka shiga garin yau ka ce a nuna maka Onarabul, wani dattijo mai furfura za a nuna maka, yana tuƙa 'yar ƙaramar bas ɗin da ke kai tsofaffi ganin likita. Ba za ka taɓa cewa mutumin nan ya yi shekara goma sha shida a majalisar tarayya a Berlin ba. Ku daure ku karanta har ƙarshe, jama'a, don ni dai duk ranar da na tuna labarin nan sai jikina ya yi sanyi.

Volkmar ɗan mai fito ne. Dornwerder ba ta da gada, wadda ta fi kusa tana can sama, tafiyar kilomita talatin da biyar. Duk mai son zuwa Hohenbrack, babban garin da ke ƙetare, sai ya shiga jirgin ubansa, mai ɗaukar mota shida yana bin igiyar ƙarfe daga gaɓa zuwa gaɓa.

A bakin mashigar akwai wani ginshiƙin dutse da aka ja wa layi da jan fenti. Duk shekara uban kan sabunta layin, Volkmar na riƙe masa gwangwani. Magana ɗaya yake maimaita masa: ranar da ruwa ya taɓa layin nan, jirgi ba ya motsi, ko wane ne ya zo. A shekara akan yi kwana ashirin, wani lokaci fiye, jirgin na ɗaure, saboda ambaliya ko ƙanƙara.

Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara huɗu. Yayarsa Irmtraut, wadda kowa ke kira Traute, ita ta raine shi. Ta girme shi da shekara goma sha biyu. An ba ta gurbi a makarantar koyon aikin jinya a Hamburg, ta naɗe takardar ta sa a ƙasan akwati, ta ce wa zai yi wa Auta wanki. Da bayan ubansu ya gaza, ita ta karɓi jirgin. Ta auri wani makanike mai suna Ortwin, mutum mai ƙarancin magana, Allah bai ba su haihuwa ba. Volkmar shi ne ƙaninta, shi ne ɗanta.

Yana ɗan shekara goma sha ɗaya ciwon afendis ya kama shi, a daidai makon da ruwa ya haura jan layi. Babu hanyar ƙetarawa. Traute ta goya shi a baya ta ruga da shi ƙaramin asibitin garin, wanda bai fi taku ɗari uku daga mashigar ba. Likita ya yi masa tiyata nan take, ya ce da an ƙara awa ɗaya da sai dai wani labarin. Tun daga ranar yake ɗauke da tabo a gefen ciki.

Ku riƙe tabon nan, don shi ya kai shi Berlin.

Volkmar ya yi karatu ya zama lauya. Yana da shekara talatin da huɗu gwamnatin jiha ta ce za ta rufe asibitin Dornwerder, wai ya yi ƙanƙanta. Shi ya jagoranci zanga-zanga. Ya samo sarƙa a garejin Ortwin ya ɗaure kansa a ƙofar asibitin, ya yaye riga a gaban 'yan jarida ya nuna musu tabon. Ya ce muddin yana numfashi asibitin nan ba ya zuwa ko'ina. Gwamnati ta janye. Aka ɗauki hotonsa da sarƙa a wuya, aka rataye a bangon gidan abincin bakin ruwa, daidai saman teburin Lahadi.

Teburin nan shi ne zuciyar garin. Bayan an taso coci manya kan haɗu a kai. Wanda ya shigo ba ya bin mutane da musafaha, ƙwanƙwasa tebur yake yi sau biyu da bayan yatsu, na zaune su amsa masa da irin haka. Amsar nan ita ce shaidar cewa kai na gida ne. Ranar da Volkmar ya ci zaɓe ya shigo ya ƙwanƙwasa, amsar da aka ba shi sai da kofuna suka yi rawa.

A yi masa adalci, shekarunsa na farko ya yi aiki. Ya shiga kwamitin lafiya, ya karanta abin da wasu ke sa wa hannu ba su karanta ba. Duk ƙarshen mako yana gida, yana shiga jirgin Traute, tana tsokanarsa wai Onarabul ma sai ya yanki tikiti.

Sannu a hankali zuwa gida ya koma sau ɗaya a wata, daga nan sai Kirsimeti. Tumbi ya fito, tabon ya shige ƙarƙashin kwat mai tsada. Bakinsa ya cika da kaso kaza cikin ɗari. In wani a teburin Lahadi ya kawo kuka, sai ya yi murmushin nan na wanda ya ga duniya, ya ce abin ya fi yadda kuke gani daga nan wuya. Mutanen Dornwerder ba su iya riƙo da wuri ba, suka ci gaba da amsa masa ƙwanƙwasa.

Ana nan jam'iyyarsa ta sha kaye, kujerarsa ta tafi. Bai yi wata shida a zaune ba wata ƙungiya ta manyan kamfanonin asibitoci ta kira shi. Sun ba shi ofis mai bangon gilashi, in ya tsaya bakin taga yana hango ginin majalisar da ya baro. Aikinsa kamun ƙafa ne: ya gayyaci tsofaffin abokan aikinsa karin kumallo, ya kira kowa da sunan yanka, ya miƙa musu takarda a shirye, su kuma su shiga da ita zauren majalisa kamar daga kansu ta fito. Ya iya aikin ƙwarai, don ya san ƙofar da ake bugawa da wadda ake turawa.

Abin da ƙungiyar ke so shi ne a rufe ƙananan asibitoci, a tattara marasa lafiya a manya. Kuma kada ku ce ƙarya zalla suke yi. Babban asibiti ya fi kayan aiki, ya fi ƙwararru, wannan gaskiya ne. Gwamnatin jiha ta yarda, da sharaɗi ɗaya: ba za a rufe asibitin kowane gari ba sai in mutanensa za su iya isa wani cikin minti talatin a mota. Mutanen nan kun san su da takarda, in lamba ta hau kanta ta zama doka.

Ofishin Volkmar ne ya haɗa rahoton da kwamitin jiha zai duba. Kwamfuta ta auna hanyar kowane gari, aka buga taswira mai launi. Wata safiyar Talata aka ajiye masa a tebur domin ya sa hannu. Yana ta buɗe shafuka yana kurɓar kofi, har ya iso shafi na sittin da ɗaya.

Dornwerder zuwa Hohenbrack: minti ashirin da bakwai.

Ya bi hanyar da yatsa. Ta fito daga tsakiyar gari, ta gangara mashiga, ta ratsa kogi da ɗige-ɗige, ta hau ƙetare. Kwamfuta ta lissafa jirgin fito kamar titi ne da aka shimfiɗa da kwalta. Ita ba ta san jan layi ba. Waɗanda suka ciyar da ita bayanai ba su san shi ba. 'Yan kwamitin ma ba su sani ba. A duk jerin mutanen da takardar nan za ta ratsa hannunsu, mutum ɗaya ne ya taɓa riƙe gwangwanin jan fenti.

Ya ɗauki biro zai yi rubutu a gefe. Sai ya tuna in aka gyara na Dornwerder, wasu garuruwan ma za su taso da nasu, rahoton wata takwas ya wargaje, a ce ɗan ƙauye ya fifita ƙauyensu. Ya daɗe da biron a hannu. Daga ƙarshe ya juya zuwa shafin ƙarshe ya sa hannu a inda aka nuna masa.

Labari ya iso gari kafin kwamiti ya zauna. Sista Gudrun, tsohuwar nas da ta yi shekara talatin a asibitin, ita ta kawo kofen shafin zuwa teburin Lahadi. Aka yi ta zazzaga faɗa, wasu na cewa a tara mota a tafi Berlin da alluna. Traute ta ce kowa ya zauna. Ta ce Auta bai gani ba ne, ita za ta je ta nuna masa.

Matar da ba ta taɓa barin jirginta kwana guda ba sai don jana'iza, ta bar wa Ortwin, ta shiga jirgin ƙasa da gwangwanin kek a cinya, irin mai man shanu da sukari da yake so tun yana yaro. A lokacin likita ya riga ya ɗora ta a kan maganin zuciya, ƙwaya biyu safe da yamma. Volkmar ya san da haka.

Ya tarbe ta da fara'a, ya nuna mata taga, ya sa aka kawo kofi. Ta buɗe gwangwani ta yanka masa, ta jira sai da ya ci. Sannan ta fito da shafin ta shimfiɗa, ta ɗora yatsa a kan ɗige-ɗigen.

"Auta, wannan jirgina ne ko?"

"Shi ne, Yaya."

"To ka gaya musu yana da ranakun da ba ya tafiya. Su ba su sani ba. Kai ka sani."

Ya gyara zama ya shiga yi mata bayani, da muryar da yake yi wa 'yan majalisa. Ya ce kwana ashirin cikin ɗari uku da sittin da biyar bai kai kaso shida cikin ɗari ba. Ya ce akwai jirgi mai saukar ungulu don irin wannan rana. Ya ce Hohenbrack na da na'urar buɗe jijiyar zuciya, wadda asibitinsu ba zai taɓa samu ba, ita ma za ta amfana. Ta bar shi ya kai aya. Ta ce ba ta musa masa ko ɗaya ba, asibitinsu ba ya buɗe jijiya, amma yana da allura da likitan da ke riƙe mutum da rai har hanya ta samu. Ta ce ba ta roƙe shi ya yi ƙarya ba, layi ɗaya na gaskiya take roƙo ya ƙara a ƙasan shafin, kwamiti ya yanke hukunci da idonsa a buɗe.

"Yaya, ba a riƙe asibiti guda saboda kwana ashirin."

"Ciwo yana duba kalanda ne kafin ya zo? Kai da ya zo maka, a wace rana ya zo?"

Nan ransa ya ɓaci, don gaskiya ɗaci gare ta. Ya ce mata duniya ta wuce zamanin goyo a baya, kuma ba zai iya tafiyar da lafiyar ƙasa da labarin tabon cikinsa ba. Ya duba agogo ya ce yana da ganawa.

Traute ta miƙe. Ta rufe gwangwanin ta tura masa, ta ce ya sa a wuri mai sanyi kada ya bushe. Ta gyara masa wuyan riga kamar yadda take yi in zai tafi makaranta, ta fita. Ortwin ya ce da ta dawo ba ta yi maganar Berlin ba, sai da ta kwana biyu ta ce masa Auta ya rame.

Kwamiti ya zauna. An wuce shafi na sittin da ɗaya ba wanda ya ɗaga kai. Kafin shekara ta zagayo aka kwashe gadaje, likitoci suka watse, aka toshe tagogin asibitin da katako. Ranar da aka kulle ƙofar, Sista Gudrun ta shiga gidan abinci ta juya hoton Volkmar fuskarsa ta kalli bango. Ba ta cire shi ba, ta ce a bar shi ya ji abin da ake faɗa.

Shekara uku bai taka garin ba. Yana gaya wa kansa aiki ne ya yi yawa. Duk Kirsimeti gwangwanin kek na isowa ta gidan waya, da 'yar takarda mai layi biyu. Ba ta taɓa ambaton asibiti a ciki ba.

A shekara ta huɗu takardar ta ɗan fi tsawo. Traute za ta ajiye aiki a watan Maris, bayan shekara arba'in da huɗu a kan ruwa. Gari zai yi mata walima ranar Lahadi, za ta yi ƙetarawar ƙarshe da 'yan uwa da abokai a cikin jirgi. Ta rubuta: ka zo, na ajiye maka tikiti.

Ya zo. Amma makon nan ƙanƙarar duwatsu ta narke, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ga iska. Da ya iso mashigar ƙetare da safe ya tarar da allo: jirgi ba ya aiki. Dole ya juya ya bi ta gada. Ya iso gidan abinci wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi yana mita, wai wannan zagaye ai sai ya kashe mutum, fiye da awa guda a hanya. Yana faɗa ne wa mai karɓar riguna a bakin ƙofa, amma duk ɗakin ya ji.

Ya ƙarasa teburin, ya ƙwanƙwasa sau biyu.

Mutum goma sha huɗu ne a zaune. Kowa ya zuba wa kofinsa ido. Sai daga can ƙarshen tebur aka ji amsa, ƙwas ƙwas, hannu ɗaya. Traute ce. Ta jawo kujerar da ke kusa da ita ta ce ya zauna, ya ƙara ƙiba, ko dai Berlin babu matakala ne. Ta ba shi labari da dariya cewa ranar ƙetarawarta ta ƙarshe ita da kanta ta ɗaure jirgin da asuba, don ruwa ya wuce layi da taƙi guda. Ta ce Baba na can yana mata dariya.

Aka kawo miya, fasto ya yi jawabi, aka ba ta agogon bango. Tana tsaye tana godiya sai ta dafa tebur. Fuskarta ta yi fari, gumi ya keto mata. Ta ce ba komai, kamar wani abu ne ya danne mata ƙirji. Sista Gudrun ta dube ta sau ɗaya ta ce a kira motar asibiti yanzu.

Motar ta iso cikin minti goma. Ma'aikatan suka manna mata wayoyi, suka duba takardar da na'ura ta fitar, suka kalli juna. Jijiyar zuciya ce ta toshe, sai Hohenbrack. Likitan gaggawa na yankin yana ƙetare, sai dai a haɗu da shi a hanya. Suka kira jirgi mai saukar ungulu, aka ce iska ta yi yawa, ba zai tashi ba.

Ta tagar gidan abincin ana ganin tsohon asibitin, ga shi nan, da katako a tagoginsa. Ba wanda ya nuna shi da hannu, ba wanda kuma bai kalle shi ba.

Volkmar ya kama hannun Ortwin ya ja shi waje har mashiga. Ya ce ya kwance jirgin, minti goma ne, shi zai ɗauki alhakin komai, ya san waɗanda zai kira. Ortwin ya nuna masa ruwa. Gangaren da mota ke hawa ya nutse gaba ɗaya. Kogi ya yi jajir yana tafe da kututtura, igiyar ƙarfe na kuka. Jan layin ma ba a ganinsa. Duk da haka Ortwin ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin jirgin, don matarsa ce.

Ana fito da Traute a kan gado ta hango su. Ta ɗaga abin numfashin da ke fuskarta.

"Ortwin, mayar da makullin nan. Layi layi ne, ko don ni. Yaran nan biyu na motar asibiti suna da iyali."

Kujerar ɗan rakiya ɗaya ce a motar. Ortwin ya sa ƙafa zai shiga, ta ce ya biyo su a baya da Gudrun, a bar mata Auta, ta daɗe ba ta gan shi ba.

Suka tashi sha biyu da minti ashirin. Volkmar bai yi niyyar duba agogo ba, idonsa ne ya ƙi barin wurin. Hanya ƙarama ce, rassa sun faɗo a kai, wani wurin ruwa ya kwanta sai an rage gudu. Yana riƙe da hannunta, hannun da igiya ta mayar kamar fatar takalmi. Tana ta yi masa 'yan maganganu, wai kek ɗinsa na firji a gida, kada Ortwin ya cinye, wai ya daina cin abinci a tsaye.

Da agogo ya cika minti ashirin da bakwai ya ɗaga kai ya leƙa. Suna tsakiyar gonaki, a wannan gefen kogin, suna ƙara nisa da asibitin da za su.

"Auta, mun kusa?"

"Saura kaɗan, Yaya."

Ta yi ɗan murmushi. Mace ce da ta san kowace kwana ta hanyar nan. Ta matse masa hannu ta ce, "Ba ka iya ƙarya ba tun kana yaro. Ban san yadda ka yi ka ci abinci da ita ba."

Wannan ce maganarta ta ƙarshe. A minti na arba'in da huɗu, suna hawa gada, na'urar ta canza kuka. Direba ya tsaya, likitan da ya taho daga ƙetare ya shigo, aka tura Volkmar gefe. Suka yi ta danna mata ƙirji har Hohenbrack. Ya yi ta kiran Yaya, Yaya, kamar ɗan shekara huɗu, babu amsa.

Asibitin Hohenbrack yana da kyau, yadda ya faɗa mata. Ga na'ura, ga ƙwararru a shirye suna jira a bakin ƙofa. Babbar likitar ta fito bayan ɗan lokaci ta ce sun yi iya yinsu. Ba ta san shi ba, shi ya sa ta ƙara da cewa abin takaici ne, irin wannan in an samu allura da wuri, ko an iso cikin rabin awa, yawanci ana tashi.

Ortwin ya iso da Gudrun, ya shiga ya ga matarsa, ya fito. Ya zauna kusa da Volkmar a kan benci, ya daɗe yana juya hularsa. Bai ɗaga murya ba.

"Na ga kana duba agogo. Minti nawa muka yi?"

"Sittin da takwas."

"A takardarka fa?"

Sai Sista Gudrun ta amsa daga inda take tsaye: ashirin da bakwai.

Ortwin ya gyaɗa kai, ya sa hularsa, ya tafi neman wanda zai ba shi kayan matarsa.

Bayan kwana shida aka binne ta kusa da iyayensu. Ruwa ya janye, rana ta fito, jirgi na ta kai da komo kamar ba a yi komai ba. Daga maƙabarta aka wuce gidan abinci shan kofi. Kek ɗin da aka yanka irin nata ne, mai man shanu da sukari. Volkmar ya shigo daga ƙarshe, ya tsaya a bakin teburin, ya ƙwanƙwasa sau biyu. Ya jira. Kujerar ƙarshen tebur babu kowa a kai.

Ya koma Berlin ya ajiye aiki a makon. Ya rubuta wa kwamitin jiha wasiƙa da hannunsa, ya ce ya ga kuskuren shafi na sittin da ɗaya tun ranar farko, ya sani, ya yi shiru. Jaridu suka yi kwana biyu da labarin. Abokan karin kumallo suka daina ɗaga wayarsa. Kwamiti ya sake zama, ya gyara lambar, ya ƙara layi ɗaya a ƙasan shafin, layin nan da Traute ta shiga jirgin ƙasa domin roƙonsa. Aka ba garin likitan gaggawa na dindindin a wannan gefen kogin, kuma an ce ya ceci rai ba ɗaya ba. Amma asibiti bai dawo ba. Ma'aikatansa sun watse, ginin ya fara yoyo. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

Volkmar ya sayar da gidansa ya dawo ɗakin ubansu. Ya shiga cikin masu sa kai da ke tuƙa bas ɗin tsofaffi. Ranakun da jirgi ke ɗaure shi ke karɓar tuƙin, don ba mai son zagayen gada. Fasinjojinsa kan ce masa an gode Onarabul, babu zagi, babu hira. In sun hau gadar nan yakan rage gudu ba tare da dalili ba, su kuma ba sa tambaya. Duk shekara in ruwa ya janye za ka gan shi a mashiga da gwangwanin jan fenti. Ortwin bai hana shi ba, bai kuma taɓa riƙe masa ba.

Shekara bakwai ke nan. Hoton na nan da fuskarsa a bango. Duk Lahadi bayan coci Volkmar kan shigo, ya tsaya a bakin tebur, ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya ɗan jira, sannan ya wuce wani ƙaramin tebur kusa da taga ya sha kofinsa shi kaɗai. Na taɓa jin wani baƙo ya tambaye shi me ya sa bai haƙura ba, tunda ba mai amsawa. Ya ce ai ba amsarsu yake jira ba. Wadda yake ƙwanƙwasa wa ta amsa masa a ranar da bai cancanta ba, shi kuma da ta zo tasa ƙofar har Berlin ta ƙwanƙwasa, agogo ya duba.

Darasi: Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In Allah ya ɗaga ka ya kai ka inda ake yanke wa mutane hukunci, abin da ka sani game da gidanku amana ne a wuyanka, ba abin kunya ba ne da za ka ɓoye don a ce ka waye. Ba sai ka yi ƙarya za ka cuci mutane ba, shirun da ka yi a kan gaskiyar da kai kaɗai ka sani ya isa, kuma ba ka san wa zai faɗa ramin ba. Wanda ya zo maka da roƙon gaskiya, saurare shi tun yana da bakin magana. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san biro na hannunsa yau.